Rubutu Zalla Ya Fi Dacewa Da Saƙon Hukuma

A cikin shekarar 2025 ne Ofishin Shugaban Ma'aikatan Gwamnatin Tarayya ya ba ma'aikatu wa'adin ƙarshen watan Disamba su mayar da aikin fayiloli da wasiƙu kan kwamfuta, su daina dogaro da takarda. Ko wace ma'aikata ce ta cika wa'adin, ko wace ce ta makara, abu guda ya riga ya tabbata, watau umarnin da a dā masinja ke kaiwa ofis-ofis cikin ambulan, yau ta imel da wayar hannu yake isa ga ma'aikaci. Haka abin yake a jami'o'i da kwalejoji, inda sanarwar jarrabawa da ta biyan kuɗin makaranta ke riskar ɗalibi a wayarsa tun kafin ya ga allon sanarwa. Saboda haka lokaci ya yi da hukumomi za su tsai da shawara a kan wata magana da ake rainawa alhali kuwa tana da nauyi, ita ce irin sifar da ya kamata saƙon hukuma ya fito da ita.

Sifofin iri biyu ne. Akwai rubutu zalla, wanda ba ya ɗauke da komai sai haruffa da lambobi da alamomin rubutu, kamar dai abin da keken rubutu ke bugawa. Akwai kuma saƙo mai ado, wanda ake ginawa da HTML, harshen da ake tsara shafukan intanet da shi, mai launuka da hotuna da tambari da manyan haruffa da maɓallan dannawa. Wannan jarida tana ganin cewa na farkon ya kamata ya zama ƙa'ida a saƙonnin hukuma da na makarantu, na biyun kuwa a ajiye shi sai inda larura ta kama.

Asalin imel rubutu zalla ne. Tun daga shekarar 1971, lokacin da injiniya Ray Tomlinson ya aika da saƙon farko tsakanin kwamfutoci biyu a Amurka, har zuwa ƙa'idar da aka tsara wa imel a 1982, haruffa kaɗai ake aikawa. Sai a shekarar 1992 aka fito da tsarin MIME, wanda ya buɗe hanyar maƙala hotuna da fayiloli, daga bisani kuma kamfanoni suka cika wasiƙu da kwalliya domin talla. Ɗan kasuwa yana da hujjarsa, domin jan hankalin mai saye yake nema. Babban sakataren da ke sanar da ma'aikata ranar tantancewa ba ya bukatar jan hankalin kowa, bukatarsa a karanta, a gane, a yi aiki da abin da ya ce.

Dalili na farko kuma mafi girma shi ne tsaro. A saƙo mai ado ana iya rubuta sunan banki ko na ma'aikata a fili, a ɓoye adireshin 'yan damfara a ƙarƙashinsa, mai karatu ya danna yana tsammanin gidan gaskiya zai shiga. A rubutu zalla kuwa adireshi yakan fito tsirara, harafi bayan harafi, duk mai lura zai ga inda ake son kai shi. Har wa yau ana iya cusa wa saƙo mai ado wani ɗan mitsitsin hoto da ido ba ya gani, wanda ke sanar da mai aikowa cewa an buɗe saƙonsa, da lokacin da aka buɗe. A watan Maris na shekarar 2016, wani saƙo mai kama da na kamfanin Google ya isa ga John Podesta, shugaban yaƙin neman zaɓen Hillary Clinton, da maɓalli a jikinsa wai na sauya kalmar sirri. Aka danna, aka kwashe dubban wasiƙunsa, aka baza su a duniya ana dab da zaɓe. Shekara goma kafin wannan, a ƙarshen 2006, Ma'aikatar Tsaron Amurka ta taɓa ba da umarnin a riƙa mayar da saƙonnin HTML masu shigo mata su koma rubutu zalla, domin toshe irin wannan kafa. Idan ma'aikatar da ke da ƙwararru da kuɗi ta ga hatsarin, ai ƙaramar hukumar da ba ta da ko injiniya guda ta fi cancantar yin hattara. Adon irin wannan saƙo kyan ɗan maciji ne.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ta yaɗu a ofisoshi, ta ɗaukar hoton takardar umarni da waya a watsa ta WhatsApp. Jama'a sun saba ɗaukar tambarin gwamnati da hatimi da sa hannu a matsayin shaidar gaskiya, kuma a zamanin takarda suna da hujja, domin ƙirƙirar hatimi aiki ne mai wuya. Yau yaro mai waya yana iya kwafe tambari da sa hannu daga tsohuwar takarda ya liƙa wa sabuwa cikin 'yan mintoci. Ta haka ake yaɗa sanarwar ɗaukar aiki ta ƙarya, da ta hutun da ba a bayar ba, da lambar asusun bankin da ba na makaranta ba. Shaidar saƙo a yau ita ce adireshin da ya fito daga gare shi, da lambar fayil da za a iya bi a tabbatar. Matuƙar hukuma ta ci gaba da koya wa jama'a amincewa da kwalliya, to, tana share wa mayaudara hanya ne ba ta sani ba.

Dalili na biyu shi ne adalci ga mai karɓa. Shafi guda na rubutu zalla ba ya wuce kilobayit huɗu ko biyar, amma hoton wannan shafi da aka ɗauka da waya aka maƙala a imel yakan kai megabayit biyu ko fiye, watau ya ninka shi sau ɗaruruwa, kuma maƙalawar kanta tana ƙara wa fayil kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa. Jami'in da ke zaune a hedkwata da intanet na ofis ba ya jin wannan nauyi. Malamin firamare da ke ƙauye, da ɗalibin da ke lissafin kuɗin data da na abinci daga aljihu guda, su ne ke biya. Makaho kuma yana da manhajar da ke karanta masa rubutu da murya, amma hoton takarda yakan gagare ta. A watan Janairu na 2019 aka sa hannu a kan dokar da ta haramta nuna wa naƙasassu bambanci a Nijeriya, bai kuwa kamata hukuma ta zama ita ce ke aika wa ma'aikacinta umarnin da ba zai iya karantawa ba.

Dalili na uku shi ne ajiya. Mai bincike yana iya zuwa Gidan Adana Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna ya karanta wasiƙun Razdan da na En'e da aka buga da keken rubutu shekaru da dama da suka wuce. Wajibi ne saƙonnin yau su samu irin wannan tsawon rai. Rubutu zalla da aka adana a kwamfuta tun shekarun 1970 har yanzu kowace na'ura tana buɗe shi, alhali fayilolin wasu tsofaffin manhajoji sai da wahala ake samun abin buɗe su. Saƙo mai ado sau da yawa daga wani wuri yake janyo hotunansa, ranar da aka rufe wurin sai ya koma kwanko. Bugu da ƙari, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa wa mai neman bayani. Rubutu ana iya laluben kalma a cikinsa nan take, amma dubban hotunan takardu sai an bi su ɗaya bayan ɗaya.

Masu goyon bayan ado suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Jadawalin albashi ko na jarrabawa yana bukatar layuka da gidaje, in ba haka ba lambobi su cakuɗe. Ɗalibin lissafi da na kimiyya suna da alamomin da ba sa zama daidai a layi guda, injiniya kuma ba shi da abin da zai maye masa taswira. Maganin wannan mai sauƙi ne: a rubuta gundarin magana a jikin saƙo da rubutu zalla, wa ake nufi, me ake so, yaushe, a ina, sa'an nan a maƙala jadawalin a matsayin fayil dabam, a faɗi sunansa da abin da ya ƙunsa. Wanda bai iya buɗe fayil ba ya dai san abin da ake ciki.

Sai dai akwai gargaɗi na musamman ga masu rubutu da Hausa. Tsohon tsarin haruffan kwamfuta, ASCII, wanda ya fito a 1963, alamomi 128 kawai ya tanada, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ a cikinsu. Idan aka fahimci rubutu zalla da ma'anar komawa ga wannan tsari, to an yi gyaran gangar auzinawa, domin ƙasa za ta koma kasa, baƙi ya koma baki, faɗa ya koma fada. Haruffa masu lanƙwasa, waɗanda suka zauna a rubutun boko tun shekarun 1930, ba kwalliya ba ne, ƙashin bayan ma'ana ne. Tsarin Unicode da ya fito a 1991 ya tanade su, ya kuma tanadi haruffan Larabci da ajami ya ginu a kansu, saboda haka rubutu zalla na wannan zamani yana ɗaukarsu ba tare da wata matsala ba. Inda cikas ya rage shi ne gajeren saƙon waya: yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar an sa ƙ guda ɗaya sai iyakar ta faɗo zuwa 70, saƙo ɗaya ya rabu uku, kuɗinsa ma ya ninka. Wannan yana daga cikin abin da ya saba wa mutane da yar da lanƙwasa. Hukumar da ke aika wa jama'a saƙo da Hausa ya kamata ta taƙaita maganarta ko ta biya bambancin, kada ta gurgunta harshen don tsimin 'yan kuɗi kaɗan.

Bisa ga haka, ya kamata shugabannin ma'aikata na tarayya da na jihohi, da magatakardan jami'o'i, su fitar da ƙa'ida a rubuce. Na farko, kowane umarni ya fita da rubutu zalla daga adireshin hukuma, wanda ga ma'aikatun gwamnati yake ƙarewa da gov.ng, ga jami'o'i kuma edu.ng, da lambar fayil da kwanan wata a samansa. Na biyu, a hana aika hoton takarda shi kaɗai ba tare da rubutunta ba. Na uku, duk adireshin intanet da za a ba mutane a rubuta shi cikakke, kada a ɓoye shi a bayan maɓalli. Na huɗu, a sa wa kwamfutocin ofis allon rubutu mai haruffan Hausa, a koya wa akawuna amfani da shi.

Tsofaffin ma'aikata sun yi zamanin wayar tangarahu, lokacin da kowace kalma ke da farashi, suka koyi faɗin magana a taƙaice ba tare da ta rasa ma'ana ba. Wannan horo ne ya kamata ɗaliban yau, waɗanda su ne ma'aikatan gobe, su gada. Wasiƙar da aka tsara da hankali ba ta bukatar jan launi kafin a gane inda muhimmancinta yake, wadda kuma aka rubuta a hargitse babu tambarin da zai gyara ta. Kiran da ake yi wa hukumomi ba na ƙin zamani ba ne, na tsare amanar jama'a ne, kuma Hausawa sun ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.