A Tanadi Kuɗin Gyara Tun Kafin Kankare Ya Tsage

Duk wanda ya san unguwar Gamboru a Maiduguri ya san arzikin kasuwarta a bisa hanya yake. Daga wajen Kwastan hanyar ta miƙa gabas, ta ratsa Mafa da Dikwa har Gamboru Ngala, bakin iyakar Kamaru. Ta nan hatsi da dabbobi ke shigowa, ta nan kaya ke fita zuwa Kamaru da Cadi.

Cikin 2021 Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta amince kamfanin Dangote ya gina sashen Dikwa zuwa Gamboru Ngala, wajen kilomita 50, da kankare, a cire kuɗin daga harajinsa. Tun 2023 kuma Ministan Ayyuka David Umahi yake ta yayata cewa kankare ya fi kwalta ƙarko. Ba mu musa ba. Abin da muke tsoro shi ne a ɗauka wai kankare ba ya bukatar kulawa.

Titin kankare falle-falle ake yanka shi, a bar tsaga tsakani domin zafi yana buɗa shi, sanyi yana tsuke shi. Tsagar nan akan cike ta da roba ko kwalta. Ranar Barno kuwa ba ta barin roba ta daɗe. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In ruwa ya kutsa, duk babbar motar da ta wuce sai ta matso laka daga ƙarƙashi, har falle ya zauna a kan rami, ya karye. Ga shi ƙasar Dikwa da Ngala baƙar laka ce da Barebari ke kira firgi, mai kumbura da damina, ta dare da rani. Ramin kwalta a yini guda ake cike shi, amma fallen kankare sai an fasa, an sake zubawa, an tsare motoci har ya ƙame.

Mutanen Maiduguri ba sa bukatar a gaya musu illar sakaci. Dam ɗin Alau ya yi ambaliya a 1994, ya kuma ɓalle a Satumba 2024, ruwa ya mamaye Gamboru da Gwange.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Tarayya da abu uku. A ware wa hukumar FERMA, wadda aka kafa a 2002, kuɗin sake cike tsagogin nan a kan kari. A kafa ma'aunin nauyin motoci a mafitar Maiduguri, a hukunta masu lodin ganganci. Gwamnatin Jihar Barno kuma ta sa a yashe magudanai kafin kowace damina.

Mu talakawa ma da namu laifin: mai zuba shara a lambatu da mai ƙona taya a kan titi, dukiyarsa yake ɓarnatarwa. Allah Ya sa shugabanni su ji, amin.