RA'AYINMU: A Rage Tarkacen Ɗaki Kafin Hunturu

Duk wanda ya san zaman Hausawa a Agege, ko Idi-Araba, ko Obalende a nan Ikko, ko kuwa Sabo ta Badun, ya san irin ɗakunan da yawancin jama'armu ke haya. Ɗaki guda ne, in an yi dace ciki da falo, a gidan da ƙofa ke duban ƙofa. A nan magidanci zai cusa iyalinsa, ya kuma cusa kayan da a Kano ko Zariya sai an ware musu ɗaki nasu na kansu. Wannan cunkoson kaya shi muke son jawo hankalin masu karatu a kansa tun iskar hunturu ba ta kankama ba, domin akwai rayuka a cikin maganar.

Ɓera ba ya zama inda ba maɓoya. Kwalayen da aka jibge bayan ƙofa, da jakunkunan tsumma da aka tura ƙarƙashin gado shekara da shekaru, su ne gidansa. A da abin da ake tsoro kawai shi ne ya ɓarnata hatsi ko ya yaga zane. Amma bayan shekarar 1969, lokacin da aka gano wani mugun zazzaɓi a garin Lassa da ke cikin Jihar Barno ta yanzu, likitoci suka tabbatar cewa akwai wani irin ɓera mai yawan nonuwa wanda fitsarinsa da kashinsa ke sa wa mutum wannan cuta in sun taɓa abinci. Zazzaɓin ya fi tsananta da rani, kuma jihohin Edo da Ondo a nan Kudu suna cikin waɗanda ya fi addaba. Ɗakin da ba a iya sa tsintsiya a kusurwoyinsa huɗu saboda kaya, to mai shi ya ba ɓera masauki kyauta, ga kuma buhun garin kwaki da shinkafa a gefe.

Haɗari na biyu gobara ce, Allah ya kiyaye. Jarkar fetur ta janareta a bayan katifa, risho ko tukunyar gas a bakin ƙofa, kaya kuma sun toshe taga. In wuta ta tashi da tsakar dare, ta ina za a fitar da yara?

Mun sani da zarar an ta da wannan zance, maza da yawa za su nuna wa matansu yatsa, su ce ai jeren kwanoni ne ya cinye ɗaki. Mu ba mu yarda da wannan hukunci gaba ɗayansa ba. Kayan ɗaki dukiyar mace ce, iyayenta suka yi mata, sau da yawa da kuɗin adashi na shekaru. Daga zamanin ƙorai da tasoshi zuwa na kwalla da langa da fanteka da samira, har zuwa na tangaran da kuloli a cikin kabet, abin da jere ke faɗa ɗaya ne: wannan yarinya tana da gata. Shi ne kuma asusunta. Ranar da ciwo ya zo, ko aure ya mutu, ko za ta aurar da 'yarta, nan take komawa ta ciro. Saboda haka mijin da ya kira shi tarkace bai yi wa matarsa adalci ba, kuma ba shi da ikon taɓa ko murfi ɗaya ba da yardarta ba.

Abin da za mu ce wa iyayenmu mata shi ne, asusun da tsatsa ke ci kullum raguwa yake yi. Kwanon da ya shekara goma a cikin kwali a damshin Ikko, in aka buɗe shi sai a tarar ya fara hujewa, yayinsa kuma ya wuce, 'yar da aka ajiye wa ma ba ta so. Gara a zaɓi wanda ake amfani da shi da wanda ake ƙauna ƙwarai, sauran a sayar tun yana da daraja, a mai da kuɗin jari ko ɗan kunnen zinariya, wanda ba ya cin wuri. Iyayen amare su ma su riƙa tambayar girman ɗakin da za a kai 'yarsu kafin su cika mota. An sha ganin amaryar da aka kawo daga Arewa, rabin kayanta ya ƙare a baranda, ruwan sama yana dukansa.

Tarkace na ainihi kuwa, in za a faɗi gaskiya, yawancinsa na maza ne. Rediyon da ya mutu tun tuni ana jiran ranar gyara, fankar da ba ta juyawa, tsohuwar taya, batirin mota, takalma ƙafa ɗaya, rigunan da suka yi wa maigida kaɗan tun yana saurayi. Abin mamaki, 'yan'uwanmu ne ke tura kura unguwa-unguwa a garin nan suna sayen ƙarafa da gwangwani, amma sai su fi samun ciniki a gidajen wasu fiye da namu. Tufafi masu sauran kyau akwai kasuwarsu a Katangowa. Wanda kuma ya fi son lada, ga baƙi nan suna sauka kullum daga Arewa da riga ɗaya a wuya. Sai dai a ba da abin da mutum zai iya sawa ya shiga jama'a. Tsumma a kai shi bola, kada a kira shi sadaka.

Hukuma ta daɗe tana ƙoƙarinta. Dattawa suna tuna duba-gari, wanda Yarabawa ke kira wole-wole, mai shiga gida ya leƙa randa. Gwamnatin Janar Buhari ta ƙaddamar da Yaƙi da Rashin Ɗa'a a 1984, a 1985 kuma aka ƙara masa sashen tsabtar muhalli, wanda ya haifar da sharar ranar Asabar ta ƙarshen wata. Wannan duka ya taimaka wa titi da magudanar ruwa, amma bai kai ƙarƙashin gado ba, kuma ba ma fatan wani jami'i ya riƙa kutsawa ɗakunan matan aure.

Don haka muna kira ga Sarakunan Hausawa na unguwannin nan da limaman Jumma'a su ɗauki maganar, domin su ake ji. A sa rana guda kafin sanyi ya shigo, kowane gida ya fitar da kayansa tsakar gida, a share, a toshe ramuka, a mai da abin da ake bukata kaɗai. Hatsi a zuba shi a mazubi mai murfi, fetur ya kwana a waje nesa da wuta, magungunan da kwanansu ya ƙare a raba su da inda yara ke kaiwa. Takardun makaranta da na asibiti da rasiɗin haya kuwa a haɗa su cikin jaka ɗaya, a rataye ta inda hannu zai same ta ko cikin duhu.