Injin gwanjo ba a kunna shi ranar da aka sauke

Muna jan kunnen 'yan'uwa masu buɗe sabon shagon ƙarfe da injunan gwanjo: kada kuɗi ya ƙare wajen saye, a rage na gyara. A wanke tsohon giris da kananzir, a sake boris da bel. Injin sassaƙa ƙarfe a kafa shi bisa kankare ya zauna daram, in ba haka ba aikinsa karkatacce zai fito. A duba lantarki kuma: namu zagaye 50 yake yi a daƙiƙa, na Amurka 60, injin can yakan rage gudu ya ɗau zafi. Mu 'yan hatsi abin ya shafe mu. Injin niƙa in ya tsaya, wurinku ake kai ƙarfensa, in gyara ya daɗe masara sai ta yi kwantai.