Mai parmin mota da jarrabawar babur

Gardama ce da ba ta mutuwa a bakin direbobi: mutumin da ya ci jarrabawar kod tun tuni, ya riƙe parmin mota, in ya nemi parmin babur sai ya sake zama a yi masa tambayoyi? Hujjarsu a fili take. Hanya ɗaya ce, alamomi ɗaya ne, jar wuta kuma ba ta sake launi don mutum ya sauka daga mota ya hau babur.

Faransa, wadda Nijar ta gaji tsarin parmi daga wajenta, ta daɗe bisa wannan ra'ayi: wanda parminsa bai wuce shekara 5 ba, akan yafe masa kod. Ran 1 ga Maris 2020 ta sake shawara, ta kafa jarrabawa ta musamman ga mai neman parmin babur, ko da yana da na mota. Tambaya 40 ce, sai an ci 35, kuɗin zama kuma yuro 30, wato kusan jika 20. Dalili kuwa shi ne masu babur ƴan kaɗan ne cikin masu bin hanyoyin ƙasar, amma cikin mutum biyar da haɗari ya kashe, kusan ɗaya nasu ne.

Hukumomin Faransa sun yi gaskiya. Kod na mota yana koya wa mutum wa ke da hanya, amma bai koya masa yadda zai tsira bisa ƙafa biyu ba. Direban mota ya saba taka burki ɗaya. Babur burki biyu gare shi, na gaba ya fi ƙarfi, kuma shi ne ke kada mutum in ya damƙe shi bisa rairayi ko a tsakiyar kwana. Mai mota bai taɓa damuwa da ɗan yashin da iskar hunturu ke shimfiɗawa bisa kwalta ba. Bai san cewa ɗaukar mutum a baya yana tsawaita tazarar tsayawa ba. Abin da ya fi muni, ya saba kowa yana ganinsa, ga shi yanzu ya koma cikin waɗanda direban babbar mota ba ya hangowa a madubi. Hular kwano ma, in ba a ɗaure igiyarta ba, takan riga mai ita isa ƙasa.

Sai dai a Maraɗi, Damagaram da Birnin Ƙonni, maganar ta wuce ƴan direbobin da ke sha'awar babur. Ƴan kabu-kabu ne ke ɗaukar mata zuwa kasuwa da yara zuwa lakwal, kuma da yawansu wajen wani ɗan'uwa suka koyi tuƙi cikin yini biyu, ba su taɓa ganin takardar kod ba. Jarrabawar da aka rubuta da Faransanci, aka ɗora mata kuɗi mai nauyi, ba za ta kai gare su ba. Sai dai ta ƙara wa masu tsaron hanya dalilin tsayar da mutane.

Saboda haka, in ma'aikatar sufuri za ta bi sawun Faransa, ya kamata a yi tambayoyin da baki, da Hausa da Zabarmanci, tare da hotuna, kan burki, kwana, fasinja da hular kwano. Mai parmin mota a yafe masa sashen alamomi, tunda ya riga ya ci shi, amma ya zauna wa sauran kamar kowa.