Injin tur a cikin zaure: wa ke ba da izini, wa ke da ikon hanawa?

Duk wanda ya bi titunan birnin Tawa da hantsi, ko ya ratsa manyan garuruwan arewacin Adar kamar Kalfu, kunnensa zai shaida masa cewa sana'ar ƙarfe ta shiga cikin gidaje. Zauren da aka gina domin baƙi, ko garejin da aka yi wa motar da har yanzu ba a saya ba, ya koma wurin aiki. A ciki ga injin sassaƙar ƙarfe, wanda masu sana'ar ke kira tur, ga injin huda, ga na walda, ga yara biyu ko uku suna koyo. Bango ɗaya ne tsakanin wannan wuri da ɗakin barcin maƙwabci.

Abin bai zo da mamaki ba. Adar ƙasa ce ta duwatsu da fadamu, kuma abincin mutane da yawa yana rataye ga noman rani, musamman albasa. Noman rani kuwa a yau injin ban ruwa ne. Ga injin niƙa a kowane gari, ga amalanke, ga babura da motocin da ke bin hanyoyin dutse. Duk waɗannan suna da ƙarafan da ke cinyewa, kuma wanda ya iya sassaƙa sabon ƙarfe daidai da awon tsohon ya fid da manomi daga asarar ruwan kwana uku. A shekarun 1980 ma'aikatar ACREMA ta Tawa ce aka sani da ƙera garma da amalanke. Yanzu babban rabon aikin yana hannun masu zaman kansu, cikinsu har da 'yan bida da suka komo daga Abijan ko Libiya da sana'a a hannu da ɗan jari. Rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma wanda ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, ya nuna wa kowa amfanin mai tur na kusa, tun da kayan gyaran da aka saba kawowa ta Kwanni sun yi wuya.

To, rigima takan tashi ne daga maƙwabci. Ya ce ƙara ta hana shi barcin rana, ko wutar gidansa tana lumshewa duk lokacin da aka kunna injin walda, ko baƙin mai yana gangarowa ƙofar gidansa, ko yaronsa ya taka ɓarɓashin ƙarfe. Sai a je gaban mai unguwa. Nan mai sana'a zai zaro takardu biyu daga aljihu, ta fili da ta patanti, ya ce: gida nawa ne, haraji kuma na biya. A ganinsa magana ta ƙare. A gaskiya kuwa ko farawa ba ta yi ba.

Takardar fili tana shaida cewa ƙasar taka ce. Takardar patanti tana shaida cewa ka biya baitulmali abin da yake bin ka. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ta ce an yarda ka kafa injin ƙarfe a wannan wuri. Ma'aikacin haraji ba ya zuwa domin ya auna ƙara, ya zo ne ya karɓi kuɗi, kuma zai karɓa ko da wurin aikin yana tsakiyar titi. Haka nan rajistar sana'a, ko katin ƙungiyar masu sana'o'in hannu ta ƙasa, CMANI, wadda aka kafa da doka a 2012: suna tabbatar da cewa kai mai sana'a ne, ba su zaɓa maka mazauni ba. Yawancin masu wannan aiki ba da gangan suke tsallake izinin mazauni ba. Ba wanda ya taɓa gaya musu akwai shi, balle ya nuna musu ƙofar da ake nemansa.

Alhali kuwa ƙasarmu ta yi tunanin wannan al'amari tun da wuri. Doka mai lamba 66-33 ta ranar 24 ga Mayun 1966, wadda aka ƙara wa bayani a 1976, ta yi magana a kan wuraren aiki masu haɗari, masu ƙazanta ko masu takura wa jama'a, ta kuma kasa su kashi uku. Na farko su ne waɗanda tilas a nisanta su daga gidaje. Na biyu su ne waɗanda za su iya zama kusa da mutane idan an cika sharuɗɗa an kuma sami izini. Na uku kuwa sanar da hukuma ya wadatar, tare da bin ƙa'idodin da aka gindaya. Tsarin an ɗauko shi ne daga dokar Faransa ta 1917, kuma ga manyan wurare ya tanadi a buɗe bincike a ji ta bakin maƙwabta kafin a sa hannu. Tsari ne mai hankali, sai dai waɗanda suka rubuta shi masana'antu da rumbunan man fetur ne a gabansu, kuma aka damƙa kula da shi ga ma'aikatar ma'adinai. Mai tur ɗaya a Kalfu ba ya cikin tunaninsu, shi ma ba su cikin nasa.

Daga baya an sami wasu dokoki. Kundin ƙananan hukumomi na 2010 ya ɗora wa magajin gari nauyin tsabta da kwanciyar hankalin jama'a, dokar tsarin birane ta Afrilun 2017 kuma ta shimfiɗa yadda za a tsara amfani da filaye. Amma doka irin wannan ba ta aiki sai da taswirar da ta ce nan gidaje, nan kasuwa, nan masu sana'a. A tsofaffin unguwannin Tawa irin su Bilbis gari ya riga taswira da shekaru aru-aru. A ƙaramar hukumar karkara kamar Kalfu kuwa, wadda ta sami zaɓaɓɓun wakilanta na farko a 2004, hukumomin filaye da suka fito daga dokar karkara ta 1993 aikinsu gona ne da burtali da makiyaya da rijiya. Tun Afrilun 2024 kuma aka rushe majalisun ƙananan hukumomi aka naɗa shugabannin riƙo. Sakamakon duk wannan shi ne, mai sana'a yana aiki shekara biyar ba wanda ya ce masa uffan, rana ɗaya a zo a ce ya rufe, domin wanda ya kai ƙara ya fi shi ƙafa a hukuma. Ko kuma akasin haka: maƙwabci ya yi ta kuka ba mai saurare, domin mai injin ne ke da ƙafar. Duka biyun zalunci ne.

Kada a ɗauka raba gari bisa sana'a baƙon abu ne da Turawa suka kawo. Garuruwan Hausa sun san unguwar maƙera, sun san inda ake haƙa marina, sun san majema ba ta zama tsakiyar gari saboda wari, kuma Sarkin Maƙera yana da ta cewa a kan wanda zai kafa uwar maƙera. Malaman mazhabar Malikiyya da muke bi su ma sun daɗe suna shari'a tsakanin mai sana'a da maƙwabcinsa. Sun bambanta cutar da ka tarar da wadda aka ƙirƙiro maka daga baya. Sun yi saɓani a kan ƙara ita kaɗai, amma hayaƙi da wari da girgizar da ke lahanta bango sun ɗauke su cuta ce da ake kawarwa. Wani magini na birnin Tunis a ƙarni na 14, Ibnur Rami, wanda alƙalai ke aikawa ya duba irin waɗannan ƙararraki, ya bayyana yadda ake gwada girgizar injin niƙa na dabba: a rataye takarda da zare huɗu a rufin da ke kan bangon, a zuba mata ƙananan busassun ƙwayoyi, a ce mai niƙa ya kora dabbarsa. Idan ƙwayoyin sun motsa, akwai cuta. Abin lura a nan shi ne, ba su hana sana'ar dungurungum ba, ba su kuma sake ta ba. Sun je wurin sun auna.

Wannan awo shi ne abin da muka rasa. Aikin ƙarfe ba iri ɗaya ba ne. Injin tur da aka kafa a kan daɓen siminti mai kauri, nesa da bangon maƙwabci, ƙararsa ba ta kai ta injin niƙan da muke haƙuri da shi a kowace unguwa ba. Abin da ke tayar da mutane shi ne injin gugar ƙarfe, da dukan guduma a kan falange, da tartsatsin walda a bakin titi inda yara ke kallo da ido tsirara, da tukunyar gas a gidan da ake girki, da manyan injuna a kan layin wutar da aka ja domin fitila da fanka. A haɗa duka a ce "masu ƙarfe su bar gari" kuskure ne, kamar yadda kyale duka kuskure ne.

Masu cewa a kwashe su a kai bayan gari suna da hujja, suna kuma da misalai: Katako a Yamai, Panteka a Kaduna, Suwame a Kumasi inda dubban masu gyara ke zaune wuri ɗaya, ko Kamukunji a Nairobi inda shugaba Moi ya sa aka yi wa maƙera rumfuna bayan ziyararsa ta 1985. Haɗuwa wuri ɗaya tana da riba, domin mai tur yana buƙatar mai walda, mai walda yana buƙatar mai sayar da ƙarfe. Amma fili ba wuta ba ruwa ba hanya ba unguwar masu sana'a ba ce, kora ce da aka yi wa laƙabi. Wanda ya fara sana'a a zaurensa ya yi haka ne domin ba ya da kuɗin haya, kuma da dare shi ne mai gadin injinsa. Yadda aka rusa shagunan bakin titi a Yamai a 2016 bai bar wa ƙananan masu sana'a kyakkyawan zato game da kalmar "tsara gari" ba.

Abin da ƙaramar hukuma za ta iya yi ba tare da jiran sabuwar doka daga Yamai ba kaɗan ne, amma yana da amfani. Ta buɗe littafi ɗaya na wuraren aikin da ke cikin gidaje. Mai son kafawa ya zo ya rubuta sunansa da irin injunansa. Ma'aikacin tsabta da mai unguwa da wakilin masu sana'ar su je wurin, su ji ta bakin gidajen da ke jingine da shi, a kunna injin a gabansu. Idan babu cuta, a ba shi takarda, da Hausa da Faransanci, mai faɗin lokacin buɗewa da rufewa, inda zai zuba mai da ɓarɓashi, aikin da ba zai yi a bakin titi ba, da girman injin da in ya wuce shi tilas ya tashi. Kuɗinta kada ya zama patanti na biyu, in ba haka ba ba wanda zai zo. Waɗanda suka riga suka kafu a ba su wa'adi su gyara, ban da masu ajiye gas kusa da murhu, waɗannan ba sa jiran wa'adi. Filin masu sana'a kuwa a keɓe shi tun yanzu, kafin a yanka shi a sayar a matsayin filin gidaje, amma kada a ce kowa ya koma can sai ranar da Nijelek ta kafa turakunta.