Duniyar Jiya: Littafin Da Ya Hana Ni Barci A Sabo



Makonni biyu da suka wuce na tsinci wani littafi wajen masu baza tsofaffin littattafai a gefen titi a nan Ibadan. Bangonsa ya yage, arha ce kawai ta sa na saya, amma tun da na buɗe shi ban samu sukuni ba sai da na kai ƙarshe. Sunansa da Jamusanci Die Welt von Gestern, wato Duniyar Jiya, ni dai fassarar Turanci na karanta. Marubucin kuwa wani Bayahude ne ɗan ƙasar Ostiriya mai suna Stefan Zweig. Na san wani zai ce me ya haɗa kifi da kaska. Ku yi haƙuri ku biyo ni.

An haifi Zweig a 1881 a Biyana, babban birnin daular Ostiriya da Hungari, wadda ta ƙunshi mutane sama da miliyan 50 masu harsuna fiye da goma a ƙarƙashin sarki guda, Franz Joseph, wanda ya yi mulki daga 1848 har 1916. Mahaifinsa mai masaƙa ne, mahaifiyarsa 'yar gidan masu banki, don haka bai san yunwa ba. Yadda ya zayyana birnin nasu sai ka ji kamar ka je. Gari ne da ɗan makaranta ke satar jiki ya tafi gidan shan gahawa don kawai ya karanta jaridun Faransa da Ingila, mai aikin gida ma ta san sunan 'yan wasan kwaikwayo da mawaƙa. Bajamushe da ɗan Cek da ɗan Hungari da Bayahude duk suna cin kasuwa ɗaya. Yahudawa sun samu cikakken 'yanci a doka tun 1867, kuma su ne kan gaba wajen ɗaukar nauyin makaɗa da marubuta da gidajen jarida. Kowa ya san abin da zai samu a ƙarshen wata da abin da zai bar wa 'ya'yansa. Ya ce kafin 1914 ya je Indiya ya je Amurka ba tare da ya mallaki fasfo ba, kuma babu wanda ya tambaye shi. Ni da nake nuna katin shaida a kowane shinge tsakanin Ibadan da Jeba, sai da na maimaita wannan wurin sau biyu.

Ranar 28 ga Yuni 1914 yana hutawa a wani lambu a garin Baden kusa da Biyana, makaɗa na kiɗa, sai kiɗan ya tsaya cak. Labari ne ya zo an harbe yarima mai jiran gado a Sarajevo. Abin mamaki, ba a wani damu ba, shi kansa ya wuce Beljiyam hutu bakin teku. Wata guda kacal bayan haka Turai ta kama da wuta, marubutan da jiya suke fassara littattafan juna suka koma tsara waƙoƙin zagin ƙasashen juna. A 1918 daular ta wargaje, Ostiriya ta koma 'yar ƙaramar ƙasa mai mutane ƙasa da miliyan 7.

Duk da haka Zweig ya sake miƙewa. Ya zauna a Salzburg, ya zama ɗaya daga cikin marubutan da aka fi fassarawa a duniya. Sai Hitler ya hau mulki a Jamus a 1933, aka ƙona littattafansa a bainar jama'a. A watan Fabrairun 1934 'yan sandan ƙasarsa suka zo bincike gidansa wai suna neman makamai, a gidan mutumin da kowa ya san ko bindigar wasa ba ya so. Wannan cin fuska ya sa ya tattara ya koma Landan. Da Jamus ta haɗiye Ostiriya a watan Maris 1938 fasfonsa ya zama takardar banza, ya wayi gari ba shi da ƙasa, yana bin layi a ofisoshi yana roƙon takardar izinin zama.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne labarin mahaifiyarsa. Tsohuwa ce ta haura tamanin, kullum takan ɗan fita ta taka, idan ta gaji ta zauna a benci ta huta. Cikin dokokin farko da 'yan Nazi suka kafa a Biyana har da hana Bayahude zama a bencin gwamnati. A birnin da ta tsufa a cikinsa. Ta rasu a wannan shekarar, ɗanta bai samu halartar jana'izarta ba.

Daga Ingila ya wuce Amurka, daga can Birazil, ya sauka a garin Petrópolis. Ya rubuta littafin nan a ɗakunan otal, babu takardunsa babu wasiƙun abokai, da ka kawai. Ya aika wa mawallafi, sannan a watan Fabrairun 1942 shi da matarsa Lotte suka kashe kansu. Allah Ya tsare mu da yanke ƙauna. An buga littafin a Stockholm a wannan shekarar.

To yanzu ga inda na saɓa da shi, duk da ina jin tausayinsa. Biyanar da ya bayar da labari ta masu hali ce. A daidai lokacin da yake shan gahawa yana karanta waƙoƙin Faransa, magajin garin birnin, Karl Lueger, wanda ya riƙe kujerar daga 1897 zuwa 1910, da zagin Yahudawa ya ci zaɓe. Zweig ya ambace shi, amma da sassauci, yana nuna cewa shi dai bai taɓa jin an takura masa ba. Kuma a wannan birnin ne wani matashi marar aikin yi ya yi ta gararamba daga 1908 zuwa 1913 yana kwana a gidan kwanan talakawa yana sauraron irin waɗannan jawabai, sunansa Adolf Hitler. Ruwa ba ya tsami banza. Masaniyar nan Hannah Arendt, ita ma Bayahudiya 'yar gudun hijira, ta soki littafin a 1943 kan wannan, cewa Zweig ya ɗauka shahara da wayewa za su kare shi, ya ɗauki siyasa aikin ƙazanta ne da bai dace da mutum irinsa ba. A littafin ma ya faɗa da bakinsa cewa bai saba zuwa jefa ƙuri'a ba. Ina ganin tana da gaskiya. Zaman lafiyar da ya yi ta yabo a jingine yake da inuwar sarki ɗaya, da inuwar ta gushe sai aka ga ashe ba a gina komai a ƙarƙashinta ba. Yahudawan Ostiriya kusan 65,000 aka hallaka kafin 1945.

Abin da ya hana ni barci shi ne na san muryar nan, na sha jin ta a bakin dattawanmu. Sabon Ibadan tun 1916 aka kafa ta. Zauna da duk wani tsohon dillalin goro ko shanu zai ba ka labarin lokacin da ake ba da kayan ɗaruruwan fam bashi da baki kawai, lokacin da Bayarabe ke ba Bahaushe ajiyar kuɗi ya tafi ya yi barci. Za a tuna maka da Malam Umaru Altine, Bafulatani mai fataucin shanu da mutanen Inugu suka zaɓa magajin gari a shekarun 1950. Duk gaskiya ne, ba na musu. Amma a waɗancan shekarun ne aka yi rikicin Kano na 1953, kuma shekaru kaɗan bayan Altine ya sauka aka yi kashe-kashen 1966 da yaƙin basasa. Mu faɗi gaskiya ko a kanmu ne: a 1966 Inyamuran da ke zaune a garuruwanmu na Arewa su ne suka ga abin da Zweig ya gani, kuma su ma da yawansu sun ɗauka maƙwabtaka ta isa kariya. Mu ma mun ɗanɗana namu a Shagamu a 1999, da Idi-Araba a 2002, da kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021, inda ƙaramar gardama ta cinye shaguna da gidajen mutanen da wasunsu a nan aka yanke musu cibiya.

Ba ina cewa Nijeriya Jamus ɗin Hitler ba ce, nesa ba kusa ba, kuma a kowane rikicin nan akwai maƙwabtan da suka ɓoye namu a ɗakunansu. Abin da nake cewa shi ne mun yi kama da Zweig a wuri ɗaya: mun iya zama da mutane, mun iya ciniki, amma mun bar maganar doka da siyasa ga wasu. Muna ganin idan Sarkin Hausawa na ɗasawa da basaraken gari shi ke nan. Da yawanmu ba mu da takardar filin da muka gina gida a kai. Da yawa katin zaɓensu na can ƙauyen da suke zuwa sau ɗaya a shekara da sallah, alhali kansilan da zai yanke hukunci kan rumfarsu a nan yake. Kullum muna cewa baƙo raɓa ne, to amma raɓar da ta shekara ɗari a wuri fa?

Bara ɗana ya nemi gurbin karatu, aka ce ya kawo takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma. A nan aka haife shi, a nan aka haife ni, Yarabancinsa ya fi Hausarsa daɗi. Ofishin da muka je a nan suka ce ba ɗan ƙasa ba ne. Sai da muka yi tafiyar kwana guda a mota zuwa garin kakansa, inda bai taɓa kwana ba, muka zauna a benci tun safe har azahar, wani ma'aikaci yana tambayarsa sunan mai unguwarsu, yaro yana kallona.

Littafin yana wurina, shafi biyu na ƙarshe sun ɗan jiƙe amma suna karantuwa. Duk mai so ya same ni bayan sallar Juma'a, da sharaɗin zai dawo da shi.