Ambaliya ba ta jiran taron bita

A shekarar 2005 yunwa ta auka wa Maraɗi, Damagaram da Tawa, bayan fari da fara na 2004. A 2024 ruwa ya ci rayuka fiye da 300 a Nijar, ya kuma rushe tsohon masallacin Birnin Damagaram. Tsakanin masifun biyu an kafa jami'o'i a garuruwan ukun nan, a 2010. To, ina ma'abota ilimin tunkarar bala'i da ya kamata su cika ma'aikatun jihohi?

Abin da aka saba gani shi ne taron bita na kwana uku a otel, da kuɗin zama, da takardar shaida. Wannan ba ilimi ba ne, cin kasuwa ne. Cibiyar AGRHYMET ta Yamai, tun 1974, tana horar da masana yanayi da ruwa. Amma hasashen da ya tsaya a Faransanci bai isa kunnen mai gari a bakin gulbin Maraɗi ba.

Masu cewa babu kuɗi su lissafa abin da buhunan agaji da tantuna ke lashewa kowace damina. Aikin na bukatar sashe cikakke a jami'a, da digiri, da ɗaliban da za su iya faɗa wa talaka da Hausa wane kwari ne ba a gina gida a cikinsa.